"Sai Dai a Yi Mata Fomatin"

Akwai wata magana da na tsana fiye da kowace a harkar gyaran kwamfuta, ita ce wannan da na sa a kan rubutun nan. Ana faɗinta da sanyin murya, kamar likita yana sanar da dangi abin da ya riga ya wakana, mai kwamfuta kuwa ya gyaɗa kai, domin bai san akwai wata hanya ba.

Wata ƙanwata da ke karatun digiri na biyu ta kunna laftop ɗinta wata safiya, tambarin Windows ya fito, 'yan ɗige-ɗigen nan suka yi ta kewayawa, sai shuɗin allo. Ta kashe ta kunna har sau biyar, babu canji. Ta ɗauka ta kai wa wani mai gyara. Ya danna nan ya danna can, ya ce, "Hajiya, Windows ɗin ce ta mutu, sai dai a yi mata fomatin." Ta ce, "To Malam, ayyukana da ke ciki fa?" Ya ce, "In Allah Ya yarda za mu duba." Kafin la'asar ta karɓi kwamfutarta tana aiki sumul, da sabuwar Windows, har da gyaran wasu manhajoji da ba ta nema ba. Babi huɗu na kundinta babu su. Hirarrakin da ta yi wata biyu tana naɗa a ƙauyuka su ma babu su. Da ta kawo mini, babu abin da zan iya, domin ma'adanar kwamfutar irin ta zamani ce, SSD, wadda da zarar an shaida mata cewa ba a buƙatar wani fili sai ta share shi da gaske, ga kuma sabuwar Windows an zuba a kai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a lokacin da ta miƙa masa kwamfutar, ga dukkan alamu ayyukan nan suna nan lafiya lau, tunda ma'adanar da ta karɓi sabuwar Windows ba tare da gardama ba ai ba matacciya ba ce. Ciwon bai kashe su ba, maganin ne ya kashe su. Kuma abin da zai cece su bai wuce filash guda da rabin awa ba.

Ga yadda abin yake, ga wanda bai saba ba. Ma'adanar kwamfuta tana ɗauke da kaya iri biyu: babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, wato Windows ga akasarinmu, da kuma fayilolin mai ita. Idan Windows ta ƙi tashi, sau da yawa 'yan fayilolin da ke tayar da ita ne suka lalace, ko wani sabuntawa ya tsaya a rabi saboda an ɗauke wuta. Ƙofar zaure ce ta cije, ɗakunan cikin gida ba abin da ya same su. Kwamfuta kuwa ba dole ba ne ta tashi daga ma'adanarta. Ana iya umartar ta ta tashi daga filash, ta loda wata babbar manhajar daban a cikin RAM, ta yi aiki da ita ba tare da an girka komai ba. Daga nan sai a leƙa ma'adanar ta waje, a kwashe abin da ke ciki. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun shekarar 2000 wani Bajamushe mai suna Klaus Knopper ya fitar da Knoppix, Linux mai tashi daga faifan CD, kuma masu gyara a duniya suka riƙe ta hannu bibbiyu. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Duk mai karɓar kuɗin mutane da sunan gyaran kwamfuta, ya kasance bai da irin wannan filashi a aljihunsa, ba shi da uzuri.

Sai dai rigimata ta yau ba da mai fomatin kaɗai take ba. Ina da wata da 'yan uwana da suka san da zaman filashin ceto, amma suke zaɓensa da ma'aunin da bai dace ba. Tambayar da na fi ji daga bakinsu ita ce: wacce ce mafi ƙanƙanta? Kamar dai gasar rama ake yi.

Idan ƙanƙanta ce abin nema, an gama magana, Tiny Core Linux ta lashe. Robert Shingledecker ya fitar da ita a 2009, kuma nau'inta mai fuskar dannawa bai kai megabait 30 ba. Abin al'ajabi ce a fagen injiniyanci, ina kuma girmama ta. Amma ta yi wannan ramar ne ta hanyar ajiye kusan komai a waje. Manhajar duba lafiyar ma'adana, da ta kwafe ta, da ta farfaɗo da fayiloli, duk sai ka sauko da su daga rumbunta na intanet bayan ka tashe ta. To ka ɗauka kana gaban kwamfutar wani da ta ƙi tashi, ƙarfe goma na dare, ka tashi Tiny Core cikin daƙiƙa kaɗan kana murmushi, sai ka tarar ba ta ga na'urar Wi-Fi ta laftop ɗin ba, domin direban da zai tashe ta yana can intanet ɗin da kake son shiga. Ka zo ceto, kai ma kana neman mai cetonka. Na san ana iya shirya ta tun a gida, a cusa mata duk abin da ake so. Wanda ya iya wannan ba ya buƙatar shawarata, kuma abin da zai fito da shi ya daina zama megabait 30.

Wannan son ƙanƙanta gado ne daga wani zamani da ya wuce. Damn Small Linux ta yi suna ne da megabait 50, domin ta shiga ɗan ƙaramin faifan CD mai girman katin kasuwanci. Iyakar tana da dalili a lokacin. Da mai ita ya farfaɗo da ita a 2024, sai ya ɗaga iyakar zuwa megabait 700, domin direbobi da manhajojin yau ba sa shiga tsohon ma'aunin. Mutumin da ya kafa tutar ya matsar da ita, mabiya suna nan tsaye a inda take da. Yau da wuya ka shiga kasuwa ka samu sabon filash da bai kai gigabait 8 ba. Me za ka yi da filin da ka tanada?

Za a ce mini data fa? Wannan hujja ce ta gaske a ƙasar da ake auna intanet da cokali, ba zan raina ta ba. Amma sau ɗaya ake saukewa. Gigabait ɗaya da aka kashe a kan manhajar da ta zo da kayan aikinta cikakku ya fi arha a kan megabait 30 da zai sa ka nemi intanet a ranar da ba ka da shi. Inda na yarda da masu wannan ƙorafi shi ne a kan irin su Ubuntu, wadda fayil ɗinta na 2024 ya doshi gigabait 6 kuma take nishi a kan tsohuwar na'ura. Wannan kam nauyi ne da aikin ceto bai buƙata.

Nauyin da ya kamata a auna shi ne wanda manhaja ke ɗora wa RAM bayan ta tashi. Kwamfutocin da ke hannun yawancin mutanenmu na hannu ne, an gama cin ganiyarsu a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso, da yawansu RAM ɗinsu gigabait 4 ne, wasu ma 2. Manhajar da za ta tashi a irin wannan ta bar fili don aiki, ita ce marar nauyi, ko da fayil ɗinta ya kai gigabait guda. A nan Puppy Linux, wadda Barry Kauler na Ostareliya ya fara a 2003, tana da abin faɗa: tana komawa cikin RAM ɗungurungum, tana gudu a kan na'urar da kowa ya yanke wa ƙauna. Ina son Puppy, na daɗe da ita. Amma an gina ta ne don a zauna a yi aikin yau da kullum, mai amfani da ita yana da cikakken iko a kan komai tun daga farko, kuma danna hoton ma'adana sau ɗaya ya isa ya buɗe ta don karatu da rubutu. Idan ma'adanar lafiyarta ƙalau, babu laifi. Idan tana jinya, wannan sauƙin shi ne haɗarin.

A ɗaya gefen kuma akwai masu ganin yawa shi ne nagarta. Su ne masu yawo da filash mai manhajoji ɗari uku, wanda aka kwafo daga filashin wani, shi ma daga na wani, har ba a san mafarinsa ba. Sunan da ya fi yawo a bakinsu shi ne Hiren's. Ya kamata a san cewa Hiren's BootCD na asali ya tsaya ne a fitowa ta 15.2 a shekarar 2012. Wanda ake kira Hiren's BootCD PE a yau wasu masoyansa ne suka ci gaba da shi, a kan ƙaramar Windows ta gyara. Yana da amfaninsa, musamman ga wanda idonsa ya saba da Windows. Amma ɗabi'ar Windows ce, babba ko ƙarama, da ta tashi ta bi kowace ma'adana da ta gani ta buɗe ta, ta ba ta harafi, ba tare da ta nemi izini ba. Wannan shi ne ainihin abin da ba a so a yi wa ma'adana mai ciwo.

Ga kuma batun asali, wanda ya fi wancan girma. Manhajar ceto tana tashi ne a ƙarƙashin duk wani tsaro. Riga-kafin bairos na kwamfutar yana barci, kalmar sirrin Windows ba ta aiki, komai a buɗe yake gare ta. A ranar 20 ga Fabrairun 2016 wasu suka kutsa shafin Linux Mint, suka karkatar da masu saukewa zuwa wani gurɓataccen kwafi mai ƙofar baya. Masu manhajar sun gano da wuri, suka sanar da duniya. Idan haka za ta faru da shafin asali mai masu gadi, me mutum zai ce game da fayil ɗin da ya ratso hannu goma, cike da manhajojin kuɗi da aka fasa makullinsu, ba a san wanda ya fasa ba balle abin da ya bari a ciki? Kowace manhajar kirki tana wallafa wata doguwar lamba da ake kira SHA-256 tare da fayil ɗinta. Ka lissafa ta wanda ka sauke, ka gwada da tasu, idan harafi ɗaya ya saɓa ka jefar. Aikin minti biyu ne, kuma ban cika ganin mai yin sa ba.

Kali Linux kuwa, wadda samari ke sakawa a filash don a ce su ma sun iya kutse, an yi ta ne don gwajin tsaron hanyoyin sadarwa. Tana da wani yanayin tashi na masu binciken laifi wanda ba ya taɓa ma'adana, wannan gaskiya ne. Sai dai ban taɓa ganin yaron da ya ɗauko ta saboda shi ba.

To da me za a auna? Ni ma'aunina na farko, wanda ya rinjayi sauran duka, shi ne manhajar ta iya kame hannunta. Ta tashi, ta ga ma'adana, ta ƙyale ta har sai an ce ta taɓa, kuma idan an ce ta taɓa, ta iya buɗewa don karatu kawai. Dalilin yana cikin yadda ma'adana ke mutuwa. Tsohuwar ma'adana mai juyawa faranti ce da ke kewayawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da wata 'yar allura da ke shawagi a samanta ba tare da ta taɓa ta ba. Idan fuskar farantin ta fara lalacewa, saboda faɗuwa ko zafi ko tsufa, duk wucewar da allurar za ta yi a wurin tana iya ƙara ɓarnar. Ma'adanar da ta fara wannan ciwo tana da sauran awoyi ƙididdigaggu, ba wanda ya san adadinsu, kuma kowane kunnawa da kowane gwaji daga cikinsu ake cira. Mai gyaran da ya ɗora mata chkdsk, manhajar Windows mai bin ma'adana lungu-lungu tana gyara tsarin fayiloli, ya kashe awoyin nan ne a kan gyaran shara alhali gini na rushewa. Kuma chkdsk rubutu take yi. Abin da ta ga bai daidaita ba tana iya yanke shi, domin burinta tsari ya daidaita, kundin digirin wani ba damuwarta ba ne.

Saboda haka aikin yana da jeri, kuma jerin ba ya sauyawa. Da farko a saurara. Idan ma'adana tana ƙas-ƙas ko tana wani kuka da ba a saba ji ba, a kashe nan take, babu manhajar da ke gyara ƙarfe, wannan aikin masu ɗakin gwaji ne. Idan shiru take, a tambaye ta lafiyarta. Kowace ma'adana tana riƙe da littafin asibitinta da ake kira SMART, kuma manhaja irin smartctl tana karanta shi cikin daƙiƙa kaɗan. A ma'adana mai juyawa layi biyu nake fara dubawa: lamba 5, wadda ke ƙirga gurabun da suka lalace aka musanya su, da lamba 197, mai ƙirga waɗanda aka kasa karantawa ake jiran hukunci a kansu. Idan na ga wani abu ban da sifili a 197, na daina tunanin gyara, sai kwashe kaya.

Kwashewar ma ba ta jan folda a ajiye a wani wuri ba ce, domin kwafi na yau da kullum yana isa gurbi marar kyau sai ya tsaya yana ta nanatawa, ko ya watsar da aikin gaba ɗaya. A nan ne GNU ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya rubuta, ta cancanci a yi mata kirari. Tana kwafe ma'adana sukutum zuwa wata, amma da wayo: tana fara kwashe wuraren da ke da lafiya da sauri, idan ta ci karo da wuri mai wuya ta tsallake ta yi alama, sai ta gama da mai sauƙi sannan ta dawo ta lallaɓa mai wuyar. Tana kuma rubuta taswirar inda ta kai a wani ɗan fayil. Mai karatu da ke zaune a inda wuta ba ta da alƙawari zai gane darajar wannan. Kwafe ma'adana mai gigabait 500 ta tsohuwar kafar USB 2.0 yana cin awa huɗu zuwa biyar ko da lafiyarta ƙalau, mai ciwo kuwa tana iya kwana biyu. Wuta za ta tafi, batirin laftop na hannu kuwa an san ƙarfinsa. Da taswirar, idan wuta ta dawo sai a ɗora daga inda aka tsaya, muddin an ajiye ta a wurin da ba RAM ba, domin abin da ke RAM yana tafiya tare da wutar. Ba tare da ita ba, sai a koma farko, a sake wahalar da majinyaciyar.

Bayan an sami kwafi, a kansa ake duk wani gwaji. TestDisk ta Christophe Grenier tana nemo ɓangarorin ma'adana da suka ɓace. 'Yar uwarta PhotoRec tana tsinto fayiloli ko da tsarin ya rushe baki ɗaya, sai dai tana dawo da su babu sunayensu na asali, mutum ya zauna ya yi ta buɗe dubban fayiloli yana neman nasa. Wahala ce, amma wahalar mai abu a hannu ce.

Da wannan ma'auni, zaɓina SystemRescue ce, wadda François Dupoux ya fara, aka san ta da SystemRescueCd a da, ta koma kan Arch Linux a 2019. Girmanta wajen gigabait guda ne. Ba ta buɗe ma'adana da kanta. Duk abin da na ambata yana cikinta tun daga akwati, har da GParted na duba ɓangarori da Memtest86+ na gwada RAM. Tana da zaɓin kwafe kanta cikin RAM a zare filashin, wanda ke da amfani a laftop mai kafofi biyu kacal, tunda ana buƙatar ɗaya don ma'adanar da za a zuba kaya. Ba ta da kyan gani. Tana tashi ne a baƙin allo tana jiran umarni, sai ka rubuta startx kafin ka ga fuska mai dannawa. Wasu suna ganin wannan aibi ne. Ni ina ganin wanda baƙin allo ya firgita bai kamata ya riƙe ddrescue ba tukuna, domin idan ya juya sunayen ma'adanan biyu, ya sa ta kwafe marar komai a kan mai kaya, ya yi fomatin da hannunsa, kuma wanda ya fi na kasuwa muni.

Akwai wata fa'ida ta filashin ceto da ake mantawa, ita ce raba gardama. Kwamfutar da ke sandarewa a Windows, idan ta yi awa biyu a manhajar filash ba ta yi tari ba, an san inda za a nemi ciwon. Idan a can ma ta sandare, to ƙarfen ne: RAM, ko zafi saboda ƙurar hunturu ta toshe fanka, ko wani abin daban. Memtest86+ na iya nuna jan layi a cikin mintuna idan RAM ya lalace. Sau nawa aka yi wa kwamfuta fomatin har sau uku alhali ɗan sandan RAM guda ne ke buƙatar canji?

Yanzu bari in faɗi inda zaɓina ke da rauni, domin ba na son a ce na ɓoye. Kwamfutocin da aka yi daga zamanin Windows 8 zuwa yau suna da wani mai gadi da ake kira Secure Boot, wanda ba ya barin wata manhaja ta tashi sai mai ɗauke da sa hannun da ya sani. Ubuntu da Fedora da Debian da Linux Mint suna wucewa. SystemRescue sai an kashe mai gadin. Kashe shi kuwa yana iya tayar da wani abin, wato BitLocker, makullin da Windows ke rufe ma'adana da shi. Da ya ga an sauya yadda kwamfuta ke tashi, yana iya ƙin buɗewa sai an kawo masa lambar ceto mai alƙaluma 48. Sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da wannan makulli a kunne, masu su ba su sani ba, lambar kuma tana can cikin asusun Microsoft da aka buɗe ranar saye, wataƙila ma yaron shago ne ya buɗe da imel ɗin da ba wanda ya tuna. Idan babu lambar nan, babu wata manhajar ceto, ƙarama ko babba, da za ta karanta harafi ɗaya. Linux na iya buɗe BitLocker idan an ba ta lambar, ba ta iya fasa shi.

Duniya ta ga wannan a ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da wani gurɓataccen sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows da Microsoft ya ƙiyasta sun kai miliyan 8.5. Jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya. Maganin bai wuce a tashi kwamfutar ta wata hanya a goge fayil guda ba, har Microsoft ya fitar da manhajar filash don haka. Abin da ya jinkirta wurare da yawa shi ne neman lambobin BitLocker, na'ura bayan na'ura. Manyan kamfanoni masu sassan fasaha ke nan.

Shi ya sa ba na tafiya da manhaja ɗaya. Kusa da SystemRescue ina ajiye Linux Mint mai fuskar Xfce. Ta kusa gigabait 3, masu gasar rama za su yi tsaki, amma tana tashi ba tare da an taɓa Secure Boot ba, tana gane yawancin na'urorin Wi-Fi, kuma lauya ko akanta da bai taɓa ganin Linux ba zai iya buɗe folda ya kwashe takardunsa, idan SMART ya nuna ma'adanar lafiya take. Wani lokaci za ta ce ba za ta iya rubutu a ɓangaren Windows ba, saboda tun daga Windows 8 kashe kwamfuta ba kashewa ba ce cikakkiya, wani rabin barci ne don ta yi saurin tashi. Kada a tilasta mata. Karatu muka zo yi. Na uku kuma shi ne filashin girka Windows na Microsoft kansa, wanda ake saukewa kyauta daga shafinsu, domin gaskiya ita ce Linux gwana ce wajen fitar da kaya daga gidan Windows, amma gyaran ƙofar gidan sai kayan aikin masu gidan. Ana zuwa gare shi ne a ƙarshe, bayan kaya sun fita. Manhajar Ventoy, wadda ta fito a 2020, tana ba da damar zuba duka ukun a filash guda a zaɓa lokacin tashi. Tana da sauƙi ƙwarai, ko da yake na ga kwamfutocin da suka ƙi ta, don haka SystemRescue tana da nata filashin daban a jakata. Filashin kansa a gwada shi da H2testw ko F3 kafin a amince masa, saboda na jabu, masu nuna gigabait 64 alhali cikinsu bai kai haka ba, sun cika kasuwa, kuma ba sa nuna halinsu sai an zuba musu abin da ba a son rasawa.

Duk wannan ba shi da amfani idan ranar da kwamfuta ta mutu ce ranar farko da aka gwada filashin. A gwada shi yau, tana da lafiya. A san maɓallin da ke kawo jerin hanyoyin tashi, F9 a yawancin HP, F12 a Dell da Lenovo da yawa. A ga ko manhajar ta hango ma'adanar, domin wasu laftop masu tsarin Intel RST suna ɓoye ta. A shiga asusun Microsoft a kwafo lambar nan 48 a takarda, a ajiye inda ake ajiye takardun fili.

Na san abin da mai gyara zai ce, kuma yana da bakin magana. Kwamfutoci goma ne a gabansa, haya na jiransa, janareta na shan mai, mai kaya yana tsaye a kansa yana cewa yau yake so, kuma an yi ciniki an matse shi har ba riba. Fomatin awa ɗaya ne, sakamakonsa tabbatacce, ceto kuwa yana iya cin yini biyu a tashi babu komai. Mu masu kai gyara muna da namu laifin: muna biyan kuɗin ganin allo ya haska, ba mu taɓa tambayar nawa ne kuɗin fitar da kayanmu ba. Wanda ke son a kwafe masa gigabait 500 ya zo da ma'adanar da za a zuba, ya biya kuɗin lokacin, ya yi haƙuri. Amma duk wannan bai wanke "za mu duba" ba. Mai gyara yana da 'yancin ya ce ba ya aikin ceto, a kai wa wani. Abin da ba shi da 'yancin yi shi ne ya hallaka abin da ba a iya mayarwa ba tare da ya faɗa da baki ƙarara cewa komai zai tafi, ya kuma ji amsa. Tela ba ya yanka shaddar mutane a kan zato.

Filashin nan kuma amana ce mai nauyi, tunda wanda ya tashi kwamfutar da ba a rufe ma'adanarta ba yana ganin komai: hotunan iyali, takardun banki, bayanan marasa lafiya idan ta likita ce, sirrin waɗanda ake karewa idan ta lauya ce. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma ofishin da ke riƙe da bayanan mutane ba ya sauke nauyinsu don ya miƙa laftop ga wani a kasuwa ya tafi sallah. Wannan ma dalili ne da zai sa ma'aikaci ya iya kwashe kayansa da kansa, ko aƙalla ya zauna a yi a gabansa.

Ƙanwata ta samo babi biyu daga saƙonnin imel da ta taɓa tura wa malaminta, na uku kuma wata ƙawarta ta tsinto tsohon kwafinsa a WhatsApp. Na huɗu ta sake rubutawa daga 'yan takardun da ta yi zane-zane a kai. Hirarrakin ne babu yadda za a yi sai komawa, ta nemi ƙarin zango guda, ta sake biyan kuɗin makaranta, ta sake bin ƙauyukan da rakoda. Mutum goma sha ɗaya ta yi hira da su a karon farko. Ta samu tara. Ɗaya ya tafi ci-rani, ɗayan kuma, dattijon da ya fi kowa ba ta labari, an yi sadakar arba'in ɗinsa mako biyu kafin ta isa.